Ramin Mukayyif a Ɗakin Surukata

Aikina gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mukayyif kamar yadda ake ce mata a nan Madina. Shagon da nake aiki yana unguwar Sultana, gidan haya kuma a Aƙiƙ, ɗaki biyu a saman bene. Ban yi boko mai nisa ba. Hannuna ke ci da ni, kuma ba wani cin kirki ba.

Da matata ta kusa haihuwa, muka yi wa mahaifiyarta takardar ziyara ta zo wankan jego. Matata ta musulunta tun kafin aurenmu. Tsohuwar kuwa 'yar Katolika ce daga kudancin Kaduna, a haka ta tsufa. Mai ginin ya gaya mini tun ranar da ya miƙo makulli cewa in ba Musulmi ba, ba ya son kowa ya kwana masa a gini. Bai tambayi addinin surukata ba, ni ma ban yi shela ba.

Washegarin zuwanta matata ta tare ni a kicin.

"Maigida, Mama na son ƙusa a bango."

"Ta me?"

Ta kwance wani ƙullin zane. Gicciye na katako, da allo mai zanen Maryamu rungume da jariri, da carbi, da guntun kyandir. Na hango mu a titi da kaya, ga ciki ya tsufa.

"Ki ce ta bar su a jaka."

"Kai ka faɗa mata."

Ta san ba zan iya ba. Mutum ba ya tsayawa gaban uwar matarsa ya ce yi kaza, bar kaza. Ko gaisuwa daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ido a ƙasa.

"Ta ce tun tana budurwa ba ta taɓa kwanciya ba ta durƙusa gabansu ba. In babu wuri, a mayar da ita gida."

A bangon ɗakin da muka sauke ta akwai ramin mukayyif, irin wanda ake bari a kowane gini, an toshe da kwali. Na jira suka tafi asibiti awo, na rufe bayansa da katako, na kafa ɗan kanta a ciki. Na ɗauko fuskar wani mataccen mukayyif daga shago na ɗaura yadda za ta buɗe kamar ƙofar kabad. Har waya na bar mata tana lilo. Ina aikin ina istigfari. Ban tambayi malami ba, don na san abin da zai ce. Da suka dawo, tsohuwar ta jera kayanta a ciki.

Ranar suna zafi kamar a tanda. Mata suka cika ɗakunan biyu, mu maza muna kan rufin bene. Sai ga matata a bakin matakala.

"Hajiya na kiranka."

Hajiya matar mai ginin ce, haifaffiyar nan, jikar Kanawa, Hausarta rabi Larabci. Na sauko na yi sallama, mata suka ja mayafi. Ban taɓa taka ɗakin nan tsohuwar na ciki ba sai ranar. Tana bakin gado riƙe da jaririya. Hannun Hajiya kuwa yana kan fuskar mukayyif.

"Ya mu'allim, mai gyara! Zafi zai kashe mu. Na murɗa, na murɗa, shiru. Iftah, buɗe ka duba shi."

Na durƙusa, na tare wurin da kafaɗuna, na buɗe kaɗan. Ƙamshin kyandir ya bugi hancina. Idon Maryamu na kallona daga duhu. Na ƙwanƙwasa katako da sukundireba kamar mai aiki, gumi na shiga mini ido.

"Injin ya ƙone, Hajiya."

"Matsa in gani."

"Akwai wuta a jikinsa."

Ba ta janye ba. Na ji numfashinta a bayan wuyana.

Sai tsohuwar ta yi magana, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ɗana, rufe shi. Hajiya, ɗakin jego ne. Ko yana aiki ba zan bari a kunna wa 'yata sanyi ba, ɗanyen jiki gare ta."

Wata dattijuwa 'yar Nijar ta ce wallahi gaskiya ne, sanyin nan shi ke lalata 'ya'yan yanzu. Ɗaki ya kaure da gardama. Na mayar da fuskar na danne.

Hajiya ta tafa hannu tana dariya. "Kun gani? Namu yake zuwa gyarawa, nasa gawa ne!"

Ba a kore mu ba. Amma kafin sati Hajiya ta zaga ginin da labarin, har maƙwabta. Tun daga nan ba wanda ya ƙara kira na gyara a unguwar, wani ɗan Bangaladash suke kira. Da matata ta cika arba'in, tsohuwar ta naɗe kayanta a zanen nan ta koma gida. Ba mu taɓa yin maganar da ita ba.

Fuskar na nan a bango, baƙin hayaƙin kyandir na nan a katakon. Duk sanda muka haɗu a matakala sai Hajiya ta ce, "Mu'allim, ka gyara?"

Nakan ce, "Ban gyara ba."