Abin da Na Rubuta Lokacin da Malam Yake Gaisuwa

Shekarar da aka mayar da horon malamai ta intanet, ni aka ɗora wa rubuta bayanin zamanmu. Ina koyarwa a Gwandu. Mai horar da mu yana Kalgo, tsohon hedimasta ne da ya koyar da ni a firamare, shi ne kuma ya tsaya mini har aka ɗauke ni aiki. Ba wanda nake gudun ɓata wa rai kamarsa. Amma Allah ya sani, mutum ne mai dogon zance.

Na samu wata manhaja mai naɗar sautin da ke fita daga kwamfuta yayin da kake rubutu. Duk abin da ka rubuta, tana haɗa shi da lokacinsa. In ka danna layin daga baya, sai ka ji abin da ake faɗa a daidai sa'ad da ka rubuta shi. Har cika baki na riƙa yi da ita a ɗakin malamai.

Matsalar hannuna ce. Tun ina ɗalibi, in zance ya ishe ni, a gefen takarda nake huce haushi. Shi kuwa Malam ba ya shiga darasi sai ya gaida kowa da garinsa: na Maruda ya ruwa, na Dodoru ya shanu, na Masama ya mai jiki. Wani ya shigo a makare, a koma farko. Sai na rubuta a manhajar, "Har yanzu gaisuwa." Can na ƙara, "An sake komawa Maruda." Wata rana kuma, "Labarin kekensa, karo na uku. Allah ya jiƙan keken nan." A takarda wa zai san da wa kake? Na saba da hakan, ban ko yi tunanin gogewa ba.

Ƙarshen zango aka tara mu a Kalgo. Malam ya miƙe yana alfahari, ya ce, "Ɗana na da wata dabara, ku taho ku ga aiki!" Kafin in buɗe baki an haɗa kwamfutata da majigi, rubutuna ya cika bango. Ya gyara tabarau, ya karɓi linzamin kwamfutar da kansa.

"Mi kar rubuta nan?" Ya karanta da ƙarfi, "An sake komawa Maruda." Ya danna. Muryarsa ta cika ɗakin: "Mutanen Maruda, ya ruwa?"

Aka bushe da dariya. Wata malama 'yar Zuru har da hawaye. Ni kuwa gumi ya wanke ni. Malam bai tsallake ko layi ɗaya ba, ya karanta, ya danna, ya saurari kansa. Da aka zo kan keken, wani daga baya ya ce amin.

Bayan an tashi na bi shi wurin babur ɗinsa, na durƙusa a ƙasa. "Baba, a gafarce ni, wauta ce."

Ya ɗaure jakarsa a bayan babur, a hankali, bai dube ni ba. Sannan ya ce, "Tashi, Malam, kada ka ɓata wandonka. Ai ba ƙarya kay yi ba."

Bai taɓa kirana Malam ba sai ranar. Har yau haka yake kirana, cikin ladabi, kamar baƙo, kuma duk lokacin da ya faɗa sai na ji zafinsa.