Jar Tutar da Ta Kwana

A ofis Mai Tuta ake kiranta, har sababbin ma'aikata suna zaton sunanta ne na yanka. Shekararta goma sha tara a kamfanin da ke kula da gidajen haya, a teburin da ke tsakanin ƙofa da injin kwafi, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Mahaifinta rarraba wasiƙu ya yi a gidan waya har idonsa ya mutu. Ita ma wasiƙun take rarrabawa, sai dai nata a kwamfuta. Gado ta yi, ba haye ba.

Kullum da safe imel kusan ɗari biyu ke jiranta daga 'yan haya, kuma ba ta buɗe su. Kwamfutar tana nuna layi biyu na farkon kowane saƙo. Da su take yanke hukunci, ta liƙa wa saƙon tuta, ya shiga jerin ayyuka. Ja, a tura mai gyara yau. Rawaya, cikin mako. Kore kuwa, in ji ta, sai ranar da Allah ya nufa. Abin alfaharinta ɗaya ne a duniya: jar tuta ba ta taɓa kwana a akwatin saƙonninta ba. Ko ranar da aka yi wa mahaifiyarta aiki a asibiti, sai da ta share ja tas sannan ta ɗauki jakarta.

'Yan haya kuwa sun gano lagonta. Wadda famfonta ke ɗiga sai ta rubuta "GAGGAWA" da manyan baƙaƙe, kafin rana ta yi tsaka an zo mata. Ni da muke ofis ɗaya da ita, abin yana ba ni haushi, amma haka ofis yake, mai ihu ne ke shan gaban mai kunya.

Tsohon Malami, wani ɗan haya a hawa na huɗu, bai iya ihu ba. Ya yi ritaya, matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zaune da littattafansa. In zai rubuto sai ya fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya tambayi aiki, ya tambayi jikin Mama, layi biyun su ƙare bai taɓo maganar da ta kawo shi ba. Yawanci ma godiya ce, don an canja masa ƙwan fitila. Tana ƙaunar tsohon nan ƙwarai. Kore take ba shi.

Ran Litinin ya rubuto. A layi na bakwai ya faɗi cewa gas yana wari a kicin ɗinsa. Ita ta ga gaisuwa, ta yi murmushi, ta danna kore, saƙon ya gangara can ƙasan jeri.

Ran Talata mai gyaran gas ya leƙo yana jujjuya makullin mota.

"Yaya, ba aiki ne? Tun safe zaman banza nake."

"Ja ta ƙare, ƙanena. Je ka huta abinka."

Ran Alhamis da safe Tsohon Malami ya ƙyasta ashana zai dafa shayi. Ya yi kwana biyu a asibiti, ran Asabar rai ya yi halinsa.

Manaja ya tsaya a kanta ran Litinin, fuska a murtuke. "Ya taɓa sanar da mu?"

Ta nemo saƙon, ta buɗe, ta wuce gaisuwar.

"Sai kuma wata 'yar magana, in ba zan takura miki ba, 'yata. Tun jiya nake jin warin gas a kicin, amma da sauƙi, na buɗe taga. Na san ayyuka sun yi miki yawa. Duk sanda kika samu sarari."

Manaja ya karanta sau biyu, ya sauke ajiyar zuciya. Wallahi har fuskarsa ta saki.

"To ai shi da bakinsa ya ce da sauƙi. Ba laifinki, ba laifinmu. Danna an gama, ki ci gaba da aikinki."

"Ranka ya daɗe, ko wanda ke gargarar mutuwa ka gaishe shi, da sauƙi zai ce maka."

"Ni dai na ce ki rufe shi."

Ba ta rufe ba. Da ya juya baya ta cire koren ta sa ja, saƙon ya hau can saman jeri.

Ba a kore ta ba, ko takardar gargaɗi ba a ba ta ba, kuma wannan ya fi komai ci mata rai. Yanzu kowane saƙo buɗe shi take, ta fara karantawa daga ƙasa, shi ya sa ba ta tashi sai kowa ya watse. Ta rame, ta daina raha da masu gyara. An canja kwamfutocin ofis sau biyu, duk sai ta roƙi mai haɗa su ya kwaso mata tsohon akwatinta.

Shekara huɗu ke nan. Kullum ta kunna kwamfuta, abin da ke fara bayyana a saman jeri, da jar tuta a gefensa, shi ne tsohon yana tambayarta ya aiki, ya jikin Mama.