Bututun Murhun Inna

Ƙamshin wainar shinkafa ne ya tashe ni ran nan, haɗe da ƙaurin gawayi da tarin tsohon da ke saman bene. Muna haya a ƙasa mai tsarki, a unguwar Harra ta Yamma, a gidan baƙin dutse. Baba yana koyarwa a jami'a, ni kuma ina ajin ƙarshe na sakandare.

Inna ba ta yarda da girkin gas ba. Murhunta yana kusurwar kicin, ƙarƙashin wata tsohuwar kafar hayaƙi da ta bi cikin bango har rufi. Sai dai dutsen Harra duk huji ne kamar soso, hayaƙin yakan sulale ya shiga ɗakin tsohon, wanda shi ne mai gidan. Da hantsi ya sauko yana share ido.

"Ya Hajja, ko a zura bututu a kafar nan kafin Juma'a, ko murhu ya fita. Khalas, magana ta ƙare."

Baba ya kawo wani maƙeri ɗan Cadi da bututun kwano mai ƙyalli. Ni dai ya burge ni, don na ga fuskata a jikinsa, doguwa kamar ludayi. Aka miƙa wa Inna ta bayan labule, ta ƙwanƙwasa shi yadda take gwada tukunya a Kano.

"Malam, wannan ya cika surutu. Ba zai jure wuta ba."

"Hajja, bututu ne fa, ba miji za ki zaɓa ba," in ji maƙerin.

"Ai da na ƙwanƙwasa mijin ma, da na huta."

Baba ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Kashegari muka tafi unguwar Al-Awali, wurin wani mai ginin tukwane Bahaushen Sudan, a gindin dabinai. Yana da gajerun bututan yumɓu masu shiga bakin juna. Inna ta ƙwanƙwasa ɗaya, ya amsa a hankali, can ƙasa, kamar tulun da ya sha gashi.

"Shi ke nan," ta ce.

Baba ya yi ƙorafin nauyi, bai dai hana ba. Maƙerin ne ya zura su daga rufi da igiya, ɗaya bayan ɗaya, yana liƙe mahaɗarsu da laka, yana mita.

Ranar Alhamis Inna ta hura wuta. Na haura rufi na tsaya. Hayaƙi ya fito siriri, ya miƙe kamar zaren da ake kaɗawa, ga dutsen Uhudu can nesa ya yi jajir. Da na sauko na tarar tsohon ya aiko da faranti babu komai a ciki. Inna ta cika masa da waina.

Sai bayan na yi aure na haihu, a wata gonar dabino, na ga irin bututan nan kwance a ƙasa, ruwa na gudu a cikinsu. Mai gonar ya ce ai don ban ruwa ake gina su, bai taɓa jin wanda ya sa su a murhu ba.