Muzurun Malam Idi

Jama'a, yau na yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Muzuruna ya ishe ni da fitsari, aka ce in kai shi asibitin dabbobi a fiɗiye shi. Da wannan mataccen idon nawa na kife shi da buhu a zaure. Likita ya gama aiki, na dawo gida Ƙofar Gayan. Sai ga muzuruna kan katanga yana lasar ƙafa!

Maƙwabcina Malam Idi ya leƙa buhun, ya ce, "Alhaji, ai na marigayiya matata ne. Me ya yi maka?"

Bai yi faɗa ba, ya rungumi abinsa ya shige gida.

An fito da tuwon ciyayya, har ya huce Malam Idi bai fito ba.