Gwaiduwar da Na Zubar a Ƙasa

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta hantsin da na buge ludayi daga hannun matata ba. A Tarai muke, daminar shekarar da aka sami 'yancin kai, ina ɗan magidanci mai ji da kansa, gemu bai gama fitowa ba amma iyayi ya cika ciki.

'Yarmu ta fari ta yi ƙyanda bayan yaye. Ta tashi, amma jiki ya ƙi dawowa. Gashinta ya yi ja, ƙafafu suka kumbura, ko kuka ba ta da ƙarfin yi. Matata ta goya ta har asibitin Rano. Malamin asibiti ya ce a riƙa dama mata gwaiduwar ƙwai a kunu kullum, wai tana ƙara jini, tana gina jiki, da ita ma ɗan tsako ke rayuwa kafin a ƙyanƙyashe shi.

Na ce atafau. A lokacin kowa ya san yaron da aka ba ƙwai ɓarawo yake zama. Ƙwan zabinmu kuwa na maigida ne, ni ake yanka wa a kan kwaɗon zogale. Har kwana goma ina ganin farin ƙwai zalla a akushina, ban kawo komai a raina ba.

Ran nan ƙotar fartanyata ta karye, na dawo gida da hantsi. Sai ga matata a bayan rumbu tana murje gwaiduwa a ludayin kunu, yarinyar ta buɗe baki tana jira. Ban yi wata-wata ba na kai wa ludayin duka.

"Ɓarauniya za ki rainar mini a gida?"

Matata ta ja da baya. 'Yarta ta fari ce, kunya ba ta bari uwa ta tsaya mata a gaban mutane. Yarinyar kuwa ta ja jiki, ta sa yatsa a kunun da ya cakuɗe da ƙasa, ta kai baki.

Mahaifiyata ta fito daga ɗaki, ta ɗauke ta, ta share mata baki da gefen zani.

"Ni na ce a ba ta," in ji Inna. "Kai ma da ka yi ƙyanda, a bayan rumbun nan na ɗura maka gwaiduwa, ubanka bai sani ba. To, me ka taɓa sata?"

Na dubi kunun da ke ƙasa.

"Ba ka taɓa ba," ta ce. "Sai yau, da ka ɗauke abinci daga bakin marar lafiya."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na duƙa na ɗauki ludayin, ashe ya fashe. Da hannuna na dafa wani ƙwan, ina ɓarewa hawaye na zuba, matata ta kau da kai don kada in ƙara jin kunya.

Kafin kaka kumburin ya saɓe, yarinyar ta fara bin zabi da gudu. Yau tana da jikoki, kuma ko allurar wani ba ta taɓa ɗauka ba. Tun daga ranar, in na ji an ce "haka muka gada", sai in fara duba wanda ake hana wa da wanda ke ci. A gidana dai, a lokacin nan, ni ke ci.