Rodin Da Yaya Sale Ya Bari A Kan Rufi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da yayana Sale ya faɗo daga ƙofar bas a hanyar shiga Alkahira, motar da ke biye ta bi ta kansa. Ni ba marubuci ba ne, a aji huɗu na tsaya, tuƙi kawai na sani. Amma in ban tuna da shi a jarida ba, ba mai yi. Kuma akwai maganar da na gaji da faɗa a gida ba a saurara.

Tare muka baro Daura da niyyar hajji ta ƙasa. Guzuri ya ƙare a Sudan, neman abinci ya jawo mu Masar. Yaya ya samu gadi a gidan wani Bature a tsakiyar gari, inda albashin mai gadi ba ya kama ko ɗakin ƙarƙashin matakala. Sai ya yi yadda mutanenmu ke yi, ya nufi bayan gari. Unguwar da ya sauka, Arba wa Nus, a lokacin rairayi ce da 'yan bukkoki, ruwa ma a amalanke ake kawo shi. A wajenmu in ka sauka a gefen gari, kasuwa da aiki suna biyo ka. Nan ba su biyo shi ba. Kullum sai ya taka har bakin kwalta, ya hau bas biyu, a rataye a ƙofa, don ciki ba wurin sa ƙafa. Wanda ya ga basan wancan zamani ya san yadda suke tafiya a karkace saboda nauyin masu rataya. Wata safiya hannunsa ya gaza.

Gidan da ya gina irin na gida ne, ɗakuna a ƙasa sun kewaye tsakar gida. Ni da shi muka haƙa harsashin, zurfinsa bai wuce gwiwata ba. Ga gini mai hawa ɗaya, ya isa. To a ƙasar nan akwai al'ada: in an zuba rufi, sai a bar rodi a tsaye a sama, don ranar da ɗa zai yi aure ya ɗora nasa a kai. Maginin, wani Bamisire, ya zo zai bar su, Yaya ya hana.

"Mu ba ma kwana a kan juna," in ji shi.

Mutumin ya yi dariya. "Ya Hajji, rufi ba rodi? Ai sai unguwa ta ce ba ka da ɗa namiji."

Ɗa ɗaya Allah ya ba Yaya, Habibu, kuma maganar ta soke shi. Ya ce, "To bar su, ado ne." Matarsa Hajara ta ɗaura musu igiya ta riƙa shanya.

Da Yaya zai leƙo yau, na san ƙananan basan nan za su fara burge shi. Har bakin lungu suke zuwa, a zaune ake tafiya. Da akwai su a lokacinsa, da wataƙila yana nan yana min faɗa. Habibu ma ɗaya daga ciki yake tuƙawa. Amma su ne suka kawo mana abin da nake tsoro. Tunda hanya ta samu, babbar unguwar Madinat Nasr da ke maƙwabtaka da su ta miƙo ƙafa, ɗalibai da leburori da 'yan Sudan suka cika unguwar suna neman ɗaki. Duk mai rodi a rufi sai ya ga ashe gona gare shi a sama. Habibu ya ɗora hawa ɗaya ya yi aure. Ya ɗora wani ya zuba 'yan haya. An rufe tsakar gidan, rana ba ta shiga. Yanzu ga yashi da siminti an jibge a ƙofa, za a ƙara.

Hajara tana ƙasa, a ɗakin mijinta, jikokinta na kwana a wajenta. Ƙofar ɗakin ta daina rufuwa. Bangon gabas ya tsage, yatsana na shiga. An shafe da siminti, ya sake buɗewa.

Na tare yaron na ce, "Habibu, gidan nan ba shi da ƙafa. Ka dakata."

"Ma'alish, Baffa, yi haƙuri. Baba da kansa ya bar rodi. Wa ke barin rodi in bai shirya ƙasa ba?"

"Ni na haƙa ramin, don ubanka!"

"To ai uban nawa nake bi," ya ce, yana dariya. "Kai ma ka zo in ba ka ɗaki a sama, ka huta da hayar da kake biya a unguwar Ainu Shams. Halas, shi ke nan."

Na koma wajen uwar, na ce ta kwaso yaran ta zo wurina. Ta ce, "Musa, inda ya ajiye ni, nan zan zauna."

Ban ɗora wa yaron laifin duka ba. Gari ne da ya ajiye aiki a gabas, wurin kwana a yamma, ya bar talaka ya san yadda zai haɗa su. Ana ta haƙa wa jirgin ƙasa rami a ƙarƙashin birni, mu kuma muna tara kanmu sama kamar buhuna. Lokaci-lokaci a ji bene ya rufta a wata unguwa, a yi salati, washegari a ci gaba da kwaɓa siminti.

Me ya saura na Yaya Sale? Haƙurinsa ya tafi da shi, ba wanda ya gada. Maganarsa ta cewa ba ma kwana a kan juna, ni kaɗai na ji ta, kuma an mai da ni tsoho mai surutu. Abin da ake wa biyayya shi ne ƙarfen da ya bari don kada a yi masa gori. Allah ya jiƙansa, ya kuma tsare waɗanda ke kwana a ƙarƙashin ƙarfen nan.

Ranar Juma'ar nan na je gaishe da Hajara, na same ta tana share garin siminti daga gindin bangon. Ta ce kullum da safe sai ta kwashe. A sama kuwa ina jiyo muryar Habibu yana ce wa magina su tabbata sun bar rodi. Shi ma yana da ɗa namiji.