Anbarasi, Matar da Ta Tuna Kuskurenta

Ƙarfe tara saura kwata Anbarasi ke sauka daga bas a ƙofar ofishinmu mai kula da madatsar ruwa ta Kuyilaru. Takan cire takalmi a bakin ɗakin na'urori, ta ajiye kwanon shinkafa da nono nesa da wayoyi, ta zauna gaban wani baƙin allo wanda ba hoto a kansa, ba abin latsawa. Sai ta buga kalma ɗaya, layuka goma sha ɗaya su fito. Sai ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya sannan take yarda ta sha kofi. Shekara ashirin da biyu ke nan tana haka. Manyanmu na saman bene da yawa sun ɗauka mai buga takardu ce da aka manta a ƙasa.

Layukan nan saba ce goma sha ɗaya, wato manhajojin karɓar bayani, ɗaya ga kowane ma'aunin ruwa da aka kafa a kogin, daga kan duwatsu har bakin madatsa. Kowace saba tana da lambarta a wata rajista da na'urar ke riƙe da ita. Ma'aunin da ke can daji bai san sunan kowa ba, lambar da aka sa masa ranar da aka kafa shi kawai ya sani. Idan ya kira lambar, na'ura ta duba rajista, ta tashi sabar ko da barci take, a karɓi labarin ruwa. Da labarin nan muke sanin abin da ke gangarowa awa shida kafin ya iso, a buɗe ƙofofin madatsa kaɗan-kaɗan. In ba mu sani ba, dole a buɗe su duka lokaci guda. Garin Sembur kuwa, mai mutum dubu arba'in, yana ƙasa da madatsar, minti ashirin ruwa ke yi ya isa.

Bara, ranar Ayudha Puja, bikin girmama kayan aiki, mun yi abin da muke yi kowace shekara. An wanke ofis, an ɗiga wa kowace na'ura kwaɓin itacen sandal mai ƙamshi da jan gari, an rataya mata furanni, an kashe komai na awa biyu domin kayan aiki su huta. Anbarasi ba ta taɓa jin tsoron wannan ba, sabobinta sukan tashi da lambobinsu. Abin da ba ta sani ba shi ne mataimakin darakta, Ilangovan, wanda ya dawo daga kwas ɗin sati biyu cike da ilimi, ya ga bai kamata tsafta ta tsaya kan tebura ba. Ya shiga na'urar ya share tsofaffin fayiloli. Da rajistar ya fara, don ita ta fi kowa tsufa.

Kwana uku ke nan ana sheƙa ruwa a kan duwatsu.

Da sha biyun rana aka kunna. Ta buga kalmarta, ko layi ɗaya bai fito ba. Ta sake bugawa. Ina tsaye a bayanta da ayabar rabon biki a hannu. Sai ta juya ga Ilangovan, wanda take kira saar, wato yallaɓai.

"Saar, wa ya shiga na'urar nan?"

"Shara na kwashe, madam. Sai ma ki gode mini, yanzu ta fi sauri."

"Ta fi sauri kam. Ba ta ɗauke da komai."

"To ba muna da kwafi ba?"

"Muna da shi a kaset. Na'urar karanta kaset ɗin ce aka yi gwanjonta. Kai ka sa hannu, saar."

Sai waya ta yi ƙara. Muthaiya ne, mai tsaron ƙofofin madatsa, yana ihu don a ji shi cikin ƙugin ruwa. Akka yake kiranta kamar mu duka, wato yaya.

"Akka, saura ƙafa biyu ya kai jan layi. Me ke tahowa daga sama?"

"Ban sani ba, Muthaiya."

"Akka, kar ki yi mini wasa ranar biki. Matata da jikokina suna Sembur suna dafa wake."

"Ba ni awa ɗaya."

"Ni na ba ki. Ruwan ne ban sani ba ko zai bayar."

Ga inda tsoron yake. Sabuwar rajista tana raba lambobi ne bi da bi, daga 257 zuwa sama, ba ta tambayar wa ya cancanci wace. Dole a sake shigar da sabobin daidai da jerin da aka shigar da su sama da shekara ashirin da suka wuce. In an saɓa, allo ba zai yi ƙorafi ba. Zai nuna ambaliyar babban kogi a gurbin ƙaramar ƙorama, komai ya yi kore, mu zauna muna cin ayaba.

Ilangovan ya ba da shawara a jera su daga saman kogi zuwa ƙasa, tunda haka hankali ya nuna.

"Ba hankali ya kafa su ba, saar, ɗan kwangila ne. Da inda motarsa ke iya zuwa ya fara."

Ta rufe ido tana kiran sunayen wuraren a hankali, don tana cikin motar a kowace tafiya. Ta shigar da na farko, na biyu, na uku, na huɗu. Sai ta ɗauke hannu daga kan madannai. Daga nan ta shigar da wata sabar banza da ba ta da aiki, ta goge ta nan take.

"Madam, yanzu ne lokacin gwaji?" in ji Ilangovan.

"Shekarar da na fara aiki na shigar da na huɗu sau biyu bisa kuskure, na goge ɗaya. Lamba 261 ta ƙone tun ranar. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, tsoron kora nake."

Da ta manta da wannan gurbin, da sauran bakwai ɗin duk sun goce da lamba ɗaya-ɗaya.

Ƙarfe ɗaya saura minti goma layuka goma sha ɗaya suka fito. Ta gwada su da awon jiya da ke kan takarda, suka dace. Ma'aunin kan duwatsu ya nuna abin da ban taɓa gani ba a shekaruna na aiki. Aka busa jiniya a Sembur, Muthaiya ya fara ɗaga ƙofofi biyu. Da yamma ruwa ya wuce garin yana lasar matakalar haikali, ya tafi da akuya uku da keken wani mai shayi. Ilangovan ya samu takardar yabo saboda jagoranci cikin gaggawa. Tana rataye a ofishinsa, cikin gilashi.

Ke ce, Akka, wadda ba a sanin kina aiki, saboda in kin yi shi daidai ba abin da ke faruwa. Ke ce kika faɗi laifinki a gaban manyanki da bakinki, a gidan da kowa ya ƙware wajen ɗora nasa kan ruwan sama. Mutanen Sembur ba su san sunanki ba. Ranar nan ƙorafin jiniya ma suka yi, wai ta hana su baccin rana.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Ta rubuta jerin lambobin da gurbinsa, ta kai sama har sau uku, ta roƙi a turo wanda za ta koya wa. An kafa kwamiti. Kwamitin ya gano cewa na'urar ta tsufa, za a canza ta nan da shekara biyu, don haka ba a bukatar cike gurbinta. Wannan ne karo na huɗu da na ji an ce nan da shekara biyu.

Mun gode, Anbarasi. Godiyar masu tsoro ce, ki karɓe ta haka. Ku kuma abokan aiki, ba na ce ku zama irinta ba, na san mu. Mutum ɗaya nake roƙo, ɗaya tak, ya sauko daga bene ya ja kujera kusa da ita, ya bar ta ta kama masa yatsa. Saura kwana goma sha tara ta tafi, kuma masu duba yanayi sun ce ruwan bana da wuri zai sauka.